Filin Amsoshin Masu Kallo: Me Ya Hana Jarumina Yin Fim ɗin da Nake Fata?

Wasiƙun wannan watan kusan duk magana ɗaya suke yi: kowa da jarumin da yake so, kuma kowa ya riga ya tsara masa fim ɗin da ya kamata ya yi nan gaba. Mun zaɓi shida, mun taƙaita wasu saboda fili, mun kuma cire sunayen jaruman da masu tambaya suka ambata don amsar ta amfani kowa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara goma ke nan ina bibiyar wani jarumi, kuma duk fim ɗin da ya fito saurayi ne mai kukan soyayya. Ni kuwa na tabbata in aka ba shi rol ɗin mugu, ko na uba mai zafin rai, zai girgiza mutane. Shi ne yake ƙi, ko ba a ba shi ne? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Galibi ba a ba shi ne, kuma dalilin kuɗi ne.

Rol ba ya faɗowa hannun ɗan wasa daga sama. Furodusa ne yake riƙe da labarin. Shi da darakta sukan ɗauko mai zaɓen 'yan wasa, ya karanta rubutun, ya fitar da bayanin kowane mutum da ke cikinsa, shekarunsa da halinsa da yawan fitowarsa, ya aika wa wakilan 'yan wasa. Su turo sunaye, a yi gwaji, a tace, a kai wa darakta mutum uku ko biyar. Wannan tsarin na ƙananan rol ne da matsakaita. Babban rol kuwa, wanda za a ɗora fuskar mai shi a fosta, akwai wanda ba ya taka ƙafarsa a lokeshin amma bakinsa ya fi na kowa nauyi, wato wanda ya zuba jarin. Sau da yawa ana sayar wa masu rarraba finafinai na ƙasashe daban-daban haƙƙin nuna fim tun ba a kunna kyamara ba, a ɗauki takardar cinikin a kai banki a ci bashi da ita. Mai sayen nan bai ga fim ba. Suna ya saya, da irin fim ɗin da aka san sunan da shi. In jaruminka ya kawo riba sau biyar a fim ɗin soyayya, mai kuɗi yana da lissafi a hannu. In aka ce yau za a mayar da shi mugu, babu abin da za a nuna masa sai fata.

Ka kuma tuna cewa don fim ya mayar da kuɗin ɗaukarsa ba shi ne ya ci riba ba. Gidajen sinima sukan riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, ga kuɗin talla, shi ya sa a Holiwud ake ƙiyasta cewa sai fim ya tara ninki biyu zuwa biyu da rabi na abin da aka kashe kafin a fara maganar riba. Na kusa da jarumin ma ba su da ɗokin ya canja. Wakilinsa yana cin kashi 10 cikin 100 na abin da ya samu, manaja 10 zuwa 15, lauya wajen 5. Wa zai ba shi shawarar ya bar gonar da take ba da amfani?

Waɗanda suka fita daga wannan akurki sun biya farashi. Matthew McConaughey ya yi suna a finafinan soyayya masu ban dariya, sai ya daina karɓar su gaba ɗaya, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ya sha faɗa cewa ya yi wajen wata 20 ba ya aiki. Daga baya ya shiga ƙananan finafinai masu ƙaramin jari, ya rage kusan kilo 20 saboda ɗaya daga cikinsu, ya ci kyautar Oscar a 2014. Wasu kuma kamfaninsu suke kafawa don labarin ya zama a hannunsu: Aamir Khan ya fitar da fim ɗin farko na kamfaninsa a 2001, Margot Robbie ta kafa nata da abokanta a 2014, Reese Witherspoon ta kafa Hello Sunshine a 2016. Sai dai wanda ya zama furodusa ya ɗauki asara a wuyansa. Amitabh Bachchan ya kafa kamfani a shekarun 1990, bashi ya yi masa katutu, sai a 2000 ya farfaɗo da shirin kacici-kacici na talabijin da kuma rol ɗin dattawa.

Abin da ya fi lalata irin wannan yunƙuri shi ne rabin canji. A ce an ba jarumi rol ɗin mugu, sai tsoro ya kama furodusa, a ƙara masa waƙa, a ƙirƙiro masa uzuri, a sa ya tuba a ƙarshe. Tsofaffin masoya su ji an ɓata musu shi, sababbi su ga wasan yara ne. Kuma abin mamaki, Shah Rukh Khan da duniya ta sani da soyayya, da rol ɗin mugu ya fara jan hankali a finafinai biyu na 1993, kafin fim ɗin 1995 ya kulle shi a ɗakin masoya na tsawon shekaru.

Tambaya: Sama da shekara biyu ke nan da na ga labarin jarumar da nake so za ta fito a wani babban fim, har da fosta. Tun daga nan shiru. Yaudararmu aka yi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, ba lallai yaudara ba ce, amma akwai yiwuwar cinikin biri a sama aka yi da ku. Koma ki duba kalmar da aka yi amfani da ita a labarin, domin matakan suna da yawa kuma kowanne da nauyinsa.

In aka ce ana tattaunawa da ita, ba a sa hannu a komai ba, wani lokacin ma wakili ne ya saki maganar don ya ɗaga farashi. In aka ce an liƙa sunanta a aikin, ta karanta ta ce tana so, furodusa kuma yana yawo da sunan yana neman kuɗi. Tana iya zamewa gobe ba tare da ta karya alkawari ba. In aka ce ta sa hannu, an matso, amma a yawancin kwantiragi biyan kuɗi ya dogara ne da a fara aikin. Manyan taurari ne kawai suke samun sharaɗin cewa ko an yi fim ko an fasa sai an biya su. Maganar da za ki riƙe ita ce kamfani ya amince ya saki kuɗi kuma an tsayar da ranar fara ɗauka. Fosta kuwa ba hujja ba ce. Da waya ma ana haɗa ta cikin minti goma, kuma da yawan waɗanda ke yawo a intanet masoya ne suka zana su. Haka nan tirelar da za ki ga an harhaɗo daga tsofaffin finafinai.

Ko komai ya tafi daidai, lokaci ake ci. Rubutu da gyaransa kan ɗauki shekara ko fiye. Share fage, wato neman wurare da ɗinka kaya da ɗaukar ma'aikata, wata biyu zuwa huɗu. Ɗaukar babban fim wata biyu zuwa huɗu, domin a rana da ƙyar ake gama shafi biyu ko uku na rubutun. Tacewa da sauti da kiɗa da aikin kwamfuta, wata shida zuwa shekara. Sannan a jira ranar da ba za a yi karo da wani babban fim ba. Shekara biyu daga sanarwa ba jinkiri ba ne.

Inda ake mutuwa a hanya kuma: in labarin daga littafi aka ɗauko, furodusa yakan kama haƙƙin ne na wata 12 zuwa 18, in bai haɗa kuɗi ba wa'adin ya ƙare, haƙƙin ya koma wa marubuci. Ko darakta ya fita. Ko shugabancin kamfani ya canja, sabon shugaba ya share ayyukan wanda ya gada. A Oktoban 2022 Henry Cavill da bakinsa ya sanar zai dawo rol ɗin Superman, a Disambar shekarar ya sake fitowa ya ce an fasa, saboda sababbin shugabanni sun canja tsari. A Agustan 2022 kamfanin Warner ya ajiye fim ɗin Batgirl bayan an gama ɗauka, an kashe wajen dala miliyan 90, har yau ba a nuna shi ba. A 2023 marubutan Holiwud sun yi yajin aiki na kwana 148, 'yan wasa na kwana 118, kuma a lokacin ko tallata fim ba a yarda ɗan wasa ya yi ba. Ayyuka da yawa da aka tsara a shekarar sun gusa.

Ki nemi labarin a jaridun da sana'ar ce aikinsu, irin su Variety da The Hollywood Reporter da Deadline, ko daga shafin kamfanin kansa. In shekara ta wuce ba a ƙara sunan darakta ko wani ɗan wasa ba, ba a kuma ambaci ranar ɗauka ba, ki sassauta rai.

Tambaya: Mu ƙungiyar masoya ce. Muna shirin gangami a Facebook da X don a dawo da jaruminmu zango na gaba na wani shiri mai dogon zango da aka dakatar. Ana jin irin wannan kuwa? Daga wani shugaban ƙungiya.

Amsa: Ranka ya daɗe, ana ji wani lokaci, amma duba yadda aka yi a inda aka ji. A 1968 wasiƙun masu kallo sun taimaka wajen sa tashar NBC ta ƙara wa shirin Star Trek zango na uku, daga shi kuma aka rufe. A 2007 masoyan shirin Jericho sun aika wa tashar CBS da ta soke shi wajen tan 20 na gyaɗa don nuna fushi, aka dawo da shi kashi bakwai kacal a 2008, masu kallo ba su ƙaru ba, aka sake rufewa. A 2013 mutum sama da 91,000 sun haɗa dala miliyan 5.7 a shafin tara gudummawa na Kickstarter don a yi fim ɗin Veronica Mars, wani shirin talabijin da aka soke, aka kuwa yi shi ya fito a 2014, amma sai da kamfanin da ya mallaki labarin ya amince tun kafin a buɗe asusun. A Mayun 2018 tashar Fox ta soke shirin Brooklyn Nine-Nine, washegari NBC ta ɗauka. Masoya sun yi ihu, gaskiya ne, amma kamfanin da ke shirya shi ɗan gida ɗaya ne da NBC, ribar gida za ta koma.

Don haka kafin ku fara, ku binciko wa ya mallaki shirin, domin sau da yawa tashar da ke nunawa daban, kamfanin da ya shirya daban. Ku kuma yi sauri. Kwantiragin 'yan wasa yana da wa'adin da kamfani zai ce zai ci gaba da su. In ya wuce, kowa ya kama wani aiki, a rushe ɗakunan da aka gina, a sayar da kaya, sake tara 'yan wasan ya fi ƙarfin gangami. Makonnin farko su ne naku. Abin da kamfani yake karantawa kuma lissafin kallo ne ta hanyar da ake biya: mutum nawa suka fara, nawa suka kai ƙarshe, nawa suka yi rajista saboda shirin. Mutum dubu da suka sauke kwafin sata ba su cikin lissafin, ko da su ne suka fi kowa ɗaga murya. Ku haɗa ranar kallo tare, ku yi magana da ladabi. Zagin furodusa ko wanda aka sa a madadin jaruminku ba ya dawo da kowa, sai ma ya sa a riƙa ganin jarumin a matsayin mai jawo rigima.

Wata magana da masoya ba sa son ji: hasashensu kan wanda ya dace da rol yana yawan kuskure. Da aka zaɓi Michael Keaton ya zama Batman a 1988, wajen wasiƙun ƙorafi 50,000 aka aika, fim ɗin kuma ya tara sama da dala miliyan 400 a 1989. An yi wa Daniel Craig ca a 2005 cewa bai yi kama da James Bond ba, ya yi finafinan Bond biyar har zuwa 2021. An raina zaɓen Heath Ledger ya zama Joker, mugun fim ɗin Batman, a 2006, rol ɗin ya kawo masa Oscar a 2009 bayan rasuwarsa. So hana ganin laifi ne, yana kuma hana ganin abin da darakta ya gani a ɗakin gwaji.

Tambaya: Akwai jarumai biyu da nake mafarkin ganinsu a fim ɗaya. Dukansu sun ce suna so. To me ake jira? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yar'uwa, faɗin haka a hira ba ya cin ko sisi. Abu uku ake jira: lokaci, kuɗi, da labarin da zai ishe su.

Babban tauraro yakan cika kalandarsa shekara ɗaya ko biyu gaba, kuma wanda ke cikin shiri mai dogon zango a Amurka yakan sa hannun da zai ɗaure shi har zango shida ko bakwai. Dokar da ta hana kwantiragi ya ɗaure ɗan wasa fiye da shekara bakwai ma sai da jaruma Olivia de Havilland ta kai kamfanin Warner kotu ta yi nasara a 1944 aka tabbatar da ita a Kalifoniya. A 1986 an riga an zaɓi Pierce Brosnan ya zama Bond, tashar da yake wa aiki ta sabunta shirinsa a ƙurarren lokaci, ya rasa, sai a 1995 ya samu. Dougray Scott aka fara ba rol ɗin Wolverine a fim ɗin X-Men, aikin da yake ciki ya zarce lokaci, aka ɗauko Hugh Jackman. Faɗuwar wani tashin wani.

Sai kuɗi: albashin manya biyu kan cinye abin da za a yi fim ɗin da shi, sai dai su yarda su rage su karɓi kaso daga riba. Sai batun da ba a faɗa a bainar jama'a: sunan wa za a fara rubutawa, fuskar wa ta fi girma a fosta, wa zai yi nasara in an yi faɗa a ciki. Duk wannan lauyoyi ne suke rubuta shi a kwantiragi. Al Pacino da Robert De Niro sun fito a fim ɗaya a 1974 ba tare da sun haɗu a fitowa ko ɗaya ba, sai a 1995 aka zaunar da su teburi ɗaya gaban kyamara.

Tambaya: Na rubuta labari musamman don jarumin da nake so. Na tura masa ta Instagram sau uku, bai amsa ba. Yaya zan yi ya isa gare shi? Daga wani matashi.

Amsa: Ɗan'uwa, daina turawa. Ba wulaƙanci ba ne, lauyansa ne ya hana shi buɗewa. In ya karanta naka, bayan shekara uku ya yi fim mai kama da shi, za ka iya kai shi kotu. Shi ya sa manyan kamfanoni ba sa karanta abin da ba su nema ba, sai ta hannun wakili ko lauya ko furodusan da suka sani, ko kuma ka sa hannu a takardar yafe ƙara.

Ka fara da kammala rubutun, domin doka ba ta kare dabara da ke kai, abin da aka rubuta take karewa. A tsarin da aka saba, shafi ɗaya minti ɗaya ne a allo, cikakken fim shafi 90 zuwa 120. Ka yi masa rajista a hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasarka, ka adana kwafi mai kwanan wata. Ka fitar da taƙaitawa iri biyu, ta jimla ɗaya ko biyu da ta shafi guda. Sannan ka nemi furodusa, ba jarumi ba, musamman wanda ya taɓa aiki da shi, ka aika gajeriyar wasiƙa da taƙaitawar, kada ka haɗa da rubutun sai an nema. Gasar rubutun fim ma ƙofa ce, don masu shirya fim suna duba waɗanda suka yi zarra.

Kuskuren da masoya suka fi yi a rubutu shi ne su mayar da jarumi mala'ika: ba ya kuskure, ba ya tsoro, kowa na yabonsa daga shafin farko. Ɗan wasan kirki abin da zai wahalar da shi yake nema. Ka ba mutumin labarinka aibi da abin da zai rasa, kuma kada ka ɗinka rigar ta yadda in shi bai sa ba babu wanda za ta yi wa.

Tambaya: Jarumina ya ɓace, kusan shekara uku ba sabon fim. Wasu na cewa tauraronsa ya dushe. Akwai sauran fata? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya, shekara uku ba ta isa a yanke hukunci ba. Shah Rukh Khan bai ja ragamar fim ba daga Disambar 2018 har Janairun 2023, ya dawo da uku a shekara ɗaya. Ke Huy Quan ya yi tashe yana yaro a shekarun 1980, ya bar fitowa kusan shekara 20 yana aiki a bayan kyamara saboda rashin rol, ya dawo ya ci Oscar a 2023. In jarumin naki ɗan Koriya ta Kudu ne, ki duba ko aikin soja na dole ya tafi, wanda a rundunar ƙasa wata 18 ne.

Akwai kuma dalilin da ba a cika sani ba, wato inshora. Kafin a fara babban fim sai likita ya duba manyan 'yan wasa, kamfanin inshora ya amince zai biya in ɗayansu ya kwanta aiki ya tsaya, domin kowace ranar da aka rasa ana biyan ɗaruruwan ma'aikata da hayar kaya. Wanda ke fama da rauni ko ciwo, ko aka san shi da ƙin zuwa aiki, inshorarsa kan yi tsada ko a ƙi shi, furodusa kuma ya nemi wani ko da shi yake so.

Ki duba ko har yanzu yana da wakili, ko sunansa na fitowa a matsayin furodusa ko darakta, ko yana wasan dandamali ko aikin murya, waɗanda ba su cika zuwa labarai ba. In kuma ya dawo da ƙaramin fim, ko a rol ɗin uba maimakon saurayin da kika sani, ki shiga sinima a kwana ukun farko. Kuɗin da fim ya tara daga Juma'a zuwa Lahadin da aka sake shi ne masu gidajen sinima suke dubawa su yanke ko za su bar shi mako na biyu, kuma shi ne lambar da furodusa na gaba zai tambaya kafin ya kira wakilinsa.